Yadda za ka koyi sarrafa wuƙa da adda irin na Filifin daga bidiyo ba tare da ka yaudari kanka ba

Duk mai babbar waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Ɗalibi ya kawo wa malami suka da wuƙa, kafin ƙiftawa da bismillah wuƙar ta koma hannun malami, ɗalibi kuma yana ƙasa. Da yawa daga cikinsu tushensu fasahar faɗa ce ta ƙasar Filifin, wadda ta yi suna a duniya saboda tun ranar farko makami take ɗora wa ɗalibi a hannu, sai daga baya a zo kan hannu zalla. Na daɗe ina koyo daga irin waɗannan bidiyoyi, kuma abin da na gano shi ne: bidiyo yana koya wa ido da sauri, yana koya wa hannu a hankali, amma tazara da sanin lokacin motsi ba ya koyar da su sam. Wanda bai san haka ba zai yi shekara yana kallo, ya ɗauka ya iya. Ga hanyar da nake ganin ta fi tsira.

Mataki na farko: san abin da kake kallo

Sunaye uku za ka riƙa gani: arnis, eskrima da kali. Kada su ruɗa ka, abu ɗaya ne da rassa masu yawa. Biyun farko daga harshen Sifaniyanci aka aro su, domin Sifaniyawa sun mulki tsibiran fiye da shekara 300. Sunan kali ya fi yawa a bakin malaman da ke Amurka da Turai. A watan Disamba na 2009 gwamnatin Filifin ta kafa dokar da ta mai da arnis wasan ƙasa, lokacin shugaba Gloria Macapagal-Arroyo.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne gidan da malamin ya fito, domin kowane gida da tsarinsa. Doce Pares, wanda aka kafa a birnin Cebu a 1932, ana danganta shi da iyalan Cañete. Balintawak na Anciong Bacon shi ma daga Cebu ya fito, kuma ya fi ƙarfi a faɗan kurkusa da sanda ɗaya. Modern Arnis na Remy Presas shi ne aka tsara don sauƙin koyarwa a makarantu. Idan kaifi ne ya kawo ka, gidaje biyu za ka fi jin sunansu: Pekiti-Tirsia, wanda Leo Gaje ya gada daga kakansa Conrado Tortal a tsibirin Negros, da Kalis Ilustrisimo na Antonio Ilustrisimo, dattijon da ake kira Tatang, wanda ya zauna a unguwar Tondo ta Manila har ya rasu a 1997. A Amurka kuwa Dan Inosanto, abokin Bruce Lee, shi ya fi kowa yaɗa fasahar.

Makaman ma ka san su da suna. Bolo adda ce ta manoma, ba ta da wani bambanci mai yawa da wadda ake sassabe da ita a gona. Gajeriyar wuƙa kuwa suna kiranta daga. Barong mai faɗi kamar ganye da kris mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji makaman Musulmin Moro ne na Sulu da Mindanao a kudancin ƙasar. Balisong, wuƙar nan mai naɗewa da ake juyawa a hannu don burgewa, ta lardin Batangas ce. Shawarata a kanta gajeriya ce: ka bar ta. Juya ta wasa ne mai daɗin kallo, amma ba shi ne abin da kake nema ba.

Mataki na biyu: zaɓi gida ɗaya, malami ɗaya

A nan mafi yawan mutane ke ɓata. Yau malamin Pekiti, gobe na Doce Pares, jibi wani Bature da ba a san wanda ya koya masa ba. Matsalar ba ta ra'ayi ba ce, ta lissafi ce: gidajen nan suna sanya wa sara lamba, kuma lamba 3 ta wannan gida tana iya zama lamba 4 ta wancan. Idan ka cakuɗa su tun da fari, hannunka ba zai san wa zai bi ba. Ka riƙe malami ɗaya aƙalla wata shida.

Kafin ka zaɓa, ka daina kallon malamin, ka kalli ɗalibin da ke kawo harin. Shi ne zai tona maka asirin bidiyon. Idan ya miƙo wuƙa ya bar hannunsa a sandare kamar mai miƙa gaisuwa, malami yana ta yi masa abu biyar ko shida shi ko motsi bai yi ba, to wannan nuni ne kawai. Ba laifi ba ne a nuna abu a hankali don a fahimta, amma malamin kirki zai faɗa maka cewa nuni ne, sannan ya sake yi tare da ɗalibin da ke janye hannunsa da sauri, yana sake kawowa, yana amfani da ɗayan hannun yana turewa. Idan ka bi tashar mutum daga farko har ƙarshe ba ka ga inda aka taɓa shi ko sau ɗaya ba, ka tafi wani wuri. Wanda ke atisaye na gaskiya ana taɓa shi.

Ka duba kuma ko yana faɗin malaminsa. Mutanen wannan fasaha suna girmama silsila kusan yadda almajirai ke faɗin wanda suka yi karatu a gabansa. Za ka ji laƙabi irin su guro, wato malami, da tuhon a wasu gidaje. Laƙabin shi kaɗai ba hujja ba ne, kowa na iya rataya wa kansa, amma wanda ya ce shi ya ƙirƙiro komai da kansa abin tsoro ne.

Wani abu da zan ƙara: ka nemi tsofaffin bidiyoyin dattawan Filifin, waɗanda aka ɗauka da tsohuwar kyamara, hoto dishi-dishi. Na Tatang Ilustrisimo suna nan a YouTube. Kallon farko za ka ce ba abin da yake yi. Ya ɗan goce, ya ɗan taɓa hannun mutum, shi ke nan. Sai ka yi wata uku kana atisaye ka dawo, a nan za ka ga cewa rashin yawan motsin nan shi ne gwanintar.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba a koyo da wuƙa mai kaifi. Ko kai kaɗai ne a ɗaki, ba a yi. Hannunka na hagu yana yawo a gaban na dama a kusan kowane atisaye, kuma sabon ɗalibi kansa yake fara yanka.

Abin da kake buƙata sanda ce mai tsawon kimanin santimita 70, da wuƙar atisaye. A Filifin da ratan suke sanda, wani itace mai kama da gora amma cikinsa a cike yake. Sun zaɓe shi ne domin idan ya gaji sai ya tsage ya yi zare-zare, ba ya karyewa ya bar tsini. Idan ba ka samu ba, nemi sanda marar nauyi wadda ba ta bushe ƙayau ba. Ka guji sandar tsintsiyar roba ko ta mofa wajen bugawa da abokin atisaye, domin tana karyewa ta bar baki kamar mashi. Wuƙar atisaye ana sayar da ta roba, ta katako da ta alminiyom. Ta alminiyom, ko da ba kaifi, tana fasa fata tana kuma iya karya yatsa, don haka ba ta sabon shiga ba ce. Mafi arha: ka zana siffar wuƙa a tsohon silifas mai kauri ka yanke, ko ka yanki tiyo tsawon taƙi ɗaya ka naɗe bakinsa da tsumma.

Abu ɗaya da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne tabarau na kare ido, irin na kafintoci, fari mai gani sosai. Roba ba ta huda ciki, amma tana tsiyayar da ido.

Mataki na huɗu: yadda ake kallon bidiyon

Kallo ma sai an koya. Ka sauke bidiyon a waya lokacin da kake da data, domin sau talatin ko fiye za ka kalle shi. Karon farko ka kalle shi gaba ɗaya ba tare da ka tashi ba. Karo na biyu ka rage gudunsa zuwa rabi, YouTube yana ba da damar saukarwa har zuwa 0.25, ka kalli ƙafafun malamin kawai. Ka sa hannu ka rufe saman allon in ya kama. Karo na uku ka kalli hannun da ba ya riƙe da komai. Sai a karo na huɗu za ka kalli makamin. Na jera su haka da gangan, domin ido wajen wuƙa yake gudu, alhali aikin yana ƙasa. A kwamfuta, idan ka tsayar da bidiyo, maɓallin waƙafi da na aya suna matsar da hoto ɗaya-ɗaya baya da gaba, wanda yake da amfani ƙwarai wajen ganin wane ne ya fara motsi, ƙafa ko hannu.

Ka kula da ruɗanin dama da hagu. Malamin da ke fuskantarka, damansa tana ɓangaren hagunka. Mutane da yawa sun yi sati suna maimaita abu a baibai. In akwai wurin da aka ɗauko shi ta baya, da shi za ka yi koyi. In babu, ka faɗa da baki: hannun dama, ƙafar hagu gaba.

Kada ka ɗauki fiye da daƙiƙa 30 na bidiyo a zama ɗaya. Ka rubuta abin da ka gani a littafi da kalmominka, ka ajiye wayar, ka tashi. Idan ka kasa rubutawa, ba ka gani ba tukuna.

Mataki na biyar: kusurwoyin sara, da sanda

Hikimar da ta bambanta wannan fasaha ita ce ba ta damu da sunan makami ba, ta damu da hanyar da ya biyo. Sara daga sama ta dama, ko da sanda ne, ko adda, ko kwalba, hanya ɗaya ce. Shi ya sa suka jera hanyoyin suka ba su lamba. Gidaje da yawa suna da 12, amma akwai tsohon tsari na biyar da ake kira cinco teros, kuma biyar ɗin nan sun ishe ka wata biyu. A mafi yawan gidaje, na ɗaya sara ne a karkace daga kafaɗarka ta dama zuwa ƙasa ta hagu, na biyu kishiyarsa da bayan hannu, na uku da na huɗu a kwance suke daidai ƙugu ko haƙarƙari, na biyar suka ce miƙe zuwa tsakiya. Ka bi jerin malaminka ko da ya saɓa da wannan.

Ga abin da masu koyo daga bidiyo ke mantawa. Sanda zagayayya ce, ta kowane gefe ta bugi abu ta buga. Adda kuwa gefe ɗaya ne ke ci. Idan kana son sandar ta koya maka adda, ka manna layin salatif ko ka ja layi da fenti a tsawonta, ka ɗauke shi a matsayin kaifi. Ka riƙe ta yadda layin zai yi daidai da gaɓoɓin tsakiya na yatsunka, waɗanda kake ƙwanƙwasa ƙofa da su. A kowane sara, layin ne zai riga zuwa. Duk wanda ya taɓa sassabe ya san abin da ke faruwa idan adda ta sauka a kwance: ta yi tsalle, hannu ya yi zugi, ciyawa tana nan.

Ka yi kowace kusurwa sau 50 a hankali, dama da hagu. Ka rataya tsohuwar taya ko ka ɗaure tsumma a jikin turke don ka sami abin taɓawa, domin wanda ke saran iska kawai ba ya sanin tsawon hannunsa. Ƙarfin daga ƙugu yake fitowa, ba daga kafaɗa ba. Idan kafaɗarka ce ta fara gajiya, da kuskure.

Za ka ga atisayen sanda biyu mai suna sinawali, sunan da aka samo daga saƙar gora da suke bangon ɗaki da ita. Yana da daɗi, yana haɗa hannu biyu, ka yi shi minti biyar don ɗumama jiki. Kada ya cinye maka lokaci.

Mataki na shida: ƙafa

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga dukan fasahar, wannan zan ɗauka. Ka zana alwatika a ƙasa da alli, kowane gefe tsawon taku ɗaya. Ka tsaya a tsininta, sauran kusurwoyi biyu suna gabanka, ɗaya dama ɗaya hagu. Ka taka zuwa ta dama, ka dawo, ka taka zuwa ta hagu, ka dawo. Sannan ka juya alwatikar, ka yi ta baya. Dalilin shi ne mai kawo hari a miƙe yake zuwa, kuma mai tafiya gaba ya fi mai ja da baya sauri kullum. Idan ka ja baya a miƙe, zai cim maka. Idan ka fita a karkace, sai ya sake saiti.

Malamai za su ambaci tazara uku: largo, inda hannunsa kawai kake iya kaiwa, medio, inda kake kai jikinsa, da corto, inda gwiwar hannu da kai ke shiga. Bidiyoyin da suka fi jan kallo duk a corto suke, domin nan ne hannaye ke sarƙewa. Amma mai neman tsira a largo yake zama. A nan ne ƙa'idar da suka fi shahara da ita take aiki, wadda suke kwatantawa da cire wa maciji haƙori: ba jikin mutum ake nema ba, hannun da ke riƙe da makami ake bugu, daga nesa.

Mataki na bakwai: riƙo da hannun tsaro

Sai yanzu za ka ɗauki wuƙar roba. Riƙo biyu ne manya: saksak, tsini yana kallon gaba ta wajen babban yatsa, da pakal, tsini yana kallon ƙasa ta wajen ƙaramin yatsa. Ka fara da saksak, ya fi tsawon kai. Kusurwoyin nan biyar dai su ne, sai dai motsin ya ƙanƙance. Hannun da ba komai, wanda wasu ke kira bantay kamay, wato hannu mai gadi, yana zama kusa da ƙirji, bayan hannun yana kallon waje, domin jijiyoyi da manyan hanyoyin jini a cikin hannu suke. Ka ɗauki kanka a bidiyo a nan. Za ka sha mamakin yawan lokacin da wannan hannu ke zubewa gefe kamar ba naka ba.

Mataki na takwas: abokin atisaye

Daga nan bidiyo ba zai ƙara maka komai ba sai da mutum. Ka nemi mai hankali, ba mai son nuna ƙarfi ba. Ku yi yarjejeniya: tabarau a ido, ba a nufin fuska da wuya, duk wanda ya ce tsaya an tsaya. Ɗaya ya riƙa ciyarwa, wato kawo kusurwa ɗaya a hankali, ɗaya yana fita a kan alwatika yana taɓa hannun. Mai ciyarwa ya nufi jiki da gaske. Idan yana kaucewa da kansa don tausayi, yana cutar da kai ne.

Za ku ga atisayen zagaye irin su hubud-lubud da sumbrada da tapi-tapi, inda hari da tarewa ke ta juyawa ba tsayawa. Suna koya wa fata jin inda hannun mutum ya nufa. Haɗarinsu shi ne daɗinsu: mutum biyu za su haddace su kamar rawa, su yi sauri, su ɗauka faɗa suke. Maganin shi ne da zarar kun iya zagayen, mai ciyarwa ya riƙa karya shi ba sanarwa, ya ja da baya, ya canja hannu, ko ya kawo wata kusurwa dabam.

Mataki na tara: gwajin alƙalamin maka

Bayan wata uku ko huɗu, ku sa tsofaffin fararen riguna masu dogon hannu. Ka ba abokinka maka, wato alƙalamin tawada mai kaurin baki irin na rubutu a allo, ka ce ya yi ƙoƙarin zana ka na daƙiƙa 10, yadda ya ga dama, ba tsari. Kai kuma ka yi abin da ka koya.

Ranar da na fara wannan, wanda na ba makar ƙanena ne da bai taɓa kallon bidiyo ko ɗaya ba. Na shiga da niyyar ƙwace ta, yadda na maimaita sau ɗaruruwa. Da muka tsaya, rigata ta zama kamar allon ɗan makaranta, ciki, haƙarƙari, damtse, har wuyan riga. Shi kuwa dariya yake, yana cewa yaya, ina abin da ake ta kallo da dare? Abin da ya yi bai wuce riƙe rigata da hagu yana ta kawowa da dama ba, gajere-gajere, kamar keken ɗinki. Ba bidiyon da ya nuna mini wannan. A zagaye na gaba na bar batun ƙwacewa, na riƙa fita gefe ina ture shi ina neman ƙofa, zanen ya ragu zuwa biyu, duka a bayan hannu.

Akwai gwajin da wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya wallafa a 1983, wanda ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21, kimanin mita 6 da rabi, a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Ku auna wannan tazarar a tsakar gida ku gwada. Bayan haka, duk lokacin da malamin kirki ya ce in da hanya ka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, in waya ake nema ka miƙa, za ka gane ba tsoro yake koya maka ba. Ka saka gudun a cikin atisayen ma: fita gefe, ture, gudu zuwa wurin da kuka sa alama. Ku gwada kuma da kujera ko jaka a tsakaninku, za ku ga yadda zanen ke raguwa.

Batun ƙwace makami

Shi na bari ƙarshe, duk da shi ne ya jawo yawancinmu. Ka koye shi don sanin yadda wuyan hannu da babban yatsa ke aiki, amma ka ɗauke shi a matsayin abin da ke zuwa da kansa bayan an riga an bugi hannu ko an danne shi, ba abin da ake shiga nema ba. Wannan sashe ne da ya fi buƙatar malami a tsaye a kanka, yana gyara maka yatsa. Idan ka ji an shirya taron horo na kwana ɗaya ko biyu a garin da za ka iya kaiwa, ko da na wata fasahar ce mai atisaye da makami, ka je da littafinka da tambayoyinka. Wasu malaman Filifin kuma suna karɓar bidiyon ɗalibi ta intanet su yi masa gyara da kuɗi, wanda ya fi kallo zalla nesa ba kusa ba.

Kayan atisayenka su zauna a gida ko cikin jaka a rufe. Wuƙar alminiyom ko ta katako mai fenti, a idon jami'in tsaro a shingen bincike da dare, wuƙa ce, kuma bayanin cewa kali kake koyo a YouTube ba zai yi saurin shiga ba. Haka nan in za ku yi atisaye, ku yi a cikin gida ko wuri killatacce, ku kuma sanar da manyan gidan tun kafin su leƙo su ga mutum biyu da tabarau suna bin juna da abin da ya yi kama da wuƙa.